Yadda ake saro itacen Kirsimeti a dajin gwamnatin Amurka ba tare da tara ba

Shekarar da na sauka Portland a jihar Oregon, wani ɗan'uwa a coci ya ce mu hau Dutsen Hood mu saro itacen Kirsimeti. Na ɗauko zarto kawai. Ya dube ni ya ce, "Malam, ina takardarka?" Ashe dajin nan duk girmansa yana da mai shi.

Takardar izini ake fara saya. Hukumar kula da gandun daji ta tarayya ce ke sayarwa ta shafin Recreation.gov, daga watan Nuwamba yawancin dazuzzuka sun buɗe. A Dutsen Hood dala 5 ce kowane itace, shafin ya ƙara ɗan kuɗinsa. In kana da yaro a aji huɗu na firamare, katin Every Kid Outdoors, na gwamnatin tarayya don 'yan aji huɗu, yana ba shi itace ɗaya kyauta. Buga takardar ka sa a mota, don can sama waya ba ta kama sabis.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne iyaka. Takardar nan ta dajin tarayya ce kaɗai, kuma gonakin katako na kamfanoni suna jingine da shi, babu shinge, itatuwan iri ɗaya. Shi ya sa nake sauke taswirar hukumar tun daga gida, na ƙi yarda da ido na. Wanda ya sare a ƙasar tarayya babu izini, doka ta ba alƙali damar cin sa tara har dala 5,000, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyu. A filin wani kuwa, dokar Oregon ta ba mai filin damar neman ninki uku na kuɗin ɓarnar in da gangan aka yi. Itacen dala 5 fa!

Sare shi daga gindi, kusa da ƙasa. An hana yanke kan dogon itace a bar gangar a tsaye, ko da kan ne ya fi kyau. Nisanci sansanin masu yawon buɗe ido da bakin rafi, ka karanta tsawon da aka yarda a jikin takardar.

Tafi da igiya mai ƙarfi, da sarƙar taya saboda ƙanƙara. Ka juya gindin itacen gaban mota kafin ka ɗaure, in ba haka ba iska ta kakkarya rassan kafin ka isa garin Sandy da ke kan hanyar komawa Portland.