Kafin majinyaci ya tafi da littafin asibitinsa: yadda ake shirya rahoton ciwo don mujallar likitoci

Salam ƙannena likitoci da ɗaliban da ke shekarar ƙarshe, musamman ku da aka tura Marwa, Garwa, Yagwa, Mokolo, Kuseri, har da ƴan uwanmu na tsallaken gada a Njamena. Kusan duk sati sai wani ya turo min saƙo a WhatsApp yace yaya na ga wani ciwo mai ban mamaki ina so in rubuta ya fita a mujalla, ta ina zan fara? Ni kuma tambayar farko da nake masa ita ce majinyacin yana kwance har yanzu ko an sallame shi? Don in an sallame shi toh rabin aikinka ya riga ya bi shi gida.

Kun san yadda abin yake a nan, majinyaci shi ke riƙe da karne ɗinsa, wato littafin asibitinsa, duk abinda ka rubuta da sakamakon labo, wato ɗakin gwaji, da hoton eko, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar sauti, suna cikin ledarsa, ranar da ya fita sun fita. Shekarun baya a wani asibiti da na yi aiki an kawo mana yaro ɗan masunta da ciwon ciki, muka yi masa aikin apandis, muka tura naman Yawunde a duba, sai bayan makonni sakamako ya dawo wai ƙwayayen tsargiya ne cike a jikin naman. Wallahi na yi murna, nace ga abin rubutawa. Ashe iyayen sun koma bakin ruwa, babu lambar waya, babu takardar amincewa, ban ɗau hoton karnen ba. Abinda yafi ci min rai har yau shine yaron ma bai samu praziquantel ɗin da ya kamata ya sha ba, miligiram 40 kan kowane kilo sha ɗaya, saboda ban san inda zan same shi ba.

Saboda haka ranar da zuciyarka ta faɗa maka wannan ciwon daban yake, ranar zaka fara. Ka karɓi lambar waya biyu, tashi da ta wani ɗan uwansa, ka rubuta sunan ƙauye da ranar da kasuwarsu ke ci. Sannan ka zauna da shi ko da waliyyinsa in yaro ne ko wanda baya cikin hayyacinsa, ka yi masa bayani da harshen da yake ji, Fulatanci ne, Hausa ce, Larabcin Shuwa ko Barbarci, kace Baba muna so mu rubuta labarin ciwon nan don sauran likitoci su ƙaru, ba za mu sa sunanka ba amma duk mai intanet zai iya karantawa, kuma in kace a'a maganinka ba zai canza ba. Wannan jimlar ta ƙarshe dan Allah kar ka haɗiye ta, mutanenmu suna jin nauyin likita, sai su ce toh alhali ransu bai so ba. In baya rubutu ya dangwala yatsa gaban shaida. Takardar amincewar yin aiki da ya sa wa hannu kafin tiyata bata wadatar ba, ta bugawa daban take, wasu mujallun ma kamar BMJ Case Reports nasu fom ɗin kawai suke karɓa, don haka ka leƙa shafin mujallar tun majinyacin na kan gado.

Hoto ma sai da hankali. Baƙin layin nan da ake ja a kan ido baya ɓoye mutum, ballantana a wajenmu da tsagar fuska ko zanen hannu ke faɗin ƙabila har da gidan da mutum ya fito. Ka ɗauki wajen ciwon kaɗai, da haske mai kyau, ka ajiye ƴar rula a gefe a ga girmansa. Hoton radiyo, wato X-ray, da na eko akwai suna da ranar haihuwa a sama, ka yanke su. Kuma kar ka tura hoton cikin guruf ɗin abokai.

Bayan haka sai ka tambayi kanka tsakani da Allah mene ne sabo a ciki. Ciwon da kai baka taɓa gani ba yana iya zama an rubuta shi sau ɗari. Shiga PubMed, rumbun maƙalun likitanci a intanet, kyauta ne, ka nema da Turanci, ka sake nema da Faransanci a Google Scholar, in maƙala a kulle take ka tambayi ɗakin karatu na fakultenku ko suna da Hinari, shirin da ke buɗe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun lafiya. Ba dole sai ciwon da duniya bata sani ba, sananne ma in ya zo da wata fuska, ko magani ya yi illar da ba a saba ba, ko kuma kun gano shi ba tare da sikana ba da ɗan abinda ke hannunku, duk abin rubutawa ne. Kar ka raina aikin. Zazzaɓin Lassa daga rashin lafiyar ma'aikatan jinya ƴan ƙalilan aka gane shi a 1969, a garin Lassa nan Borno kusa da mu, ƙanjamau ma rahoton mutum 5 ne a Los Anjelis a 1981 ya fara tona shi.

Wajen rubutun akwai ƙa'idar da ake kira CARE, ta fito a 2013, abubuwa 13 ne a jere, ka sauke ta ka manna a bango. Taken maƙalar ya faɗi ciwon ya kuma nuna rahoton mutum ɗaya ne, irin "à propos d'un cas" ɗin da muka saba a Faransanci, wato game da majinyaci ɗaya. Gabatarwa sakin layi ɗaya ko biyu ya isa, kar ka kwashe darasin aji ka zuba.

Inda nake so ka daɗe shine labarin majinyacin kansa. Ka jera shi da kwanaki, rana ta 1 ya zo da kaza, rana ta 3 aka yi kaza, ba sai ka sa ainihin kwanan wata ba. Ka faɗi sana'arsa in tana da alaƙa, manomin shinkafa ne a Yagwa ko masunci a Lagdo ko makiyayi mai shan ɗanyen nono, amma ba sunan ƙauyensa ba. Ka faɗi abinda ya sha kafin ya zo, sassaƙe, jiƙo, ƙwayoyin kan tebur na kasuwa, ko an yi masa ƙaho ko sakiya, da yawanmu kunya muke ji mu rubuta wannan alhali sau da yawa nan amsar take. Magani da sunansa na asali ba na kamfani ba, da adadi da hanya da tsawon kwana. Sakamakon labo da ma'auninsa, a nan ake yawan tuntuɓe, mu suga da giram a lita muke faɗa, mujallun Turanci kuma milimol, giram 1 a lita kusan milimol 5.5 ne, in ka kwafa kai tsaye sai mai dubawa ya ɗauka majinyacinka ya suma. Gwajin da baku yi ba saboda babu na'ura ko babu kuɗi ka faɗa a fili baku yi ba kuma ga dalili. Kar ka taɓa cike gurbi da ƙiyasi, ko da lamba ɗaya ce.

A tattaunawa ka kwatanta naka da waɗanda aka buga, ina suka yi daidai ina suka saɓa, kuma ka riƙe bakinka, mutum ɗaya ya warke baya nufin maganin ya tabbata. CARE tana son a ji ta bakin majinyacin ma, jimla biyu uku kan yadda ya ji jinyar, ka fassara kamar yadda ya faɗa. Manazarta ka bar wa manhajar Zotero, kyauta ce, zata jera maka su a tsarin Bankuba (Vancouver), salon jera manazarta da yawancin mujallun likitanci ke so.

Maganar sunaye ku gama ta tun farko don ita ke raba abokai. Wanda ya yi aikin, ya taɓa rubutun, ya amince da shi kuma zai iya tsayawa ya kare shi, shine marubuci. Shef ɗin sashe in kana so sunansa ya shiga ka kai masa ya karanta ya gyara da gaske. Majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, da mai labo da suka taimaka a gode musu a ƙarshen maƙala da saninsu.

Mujalla kuwa, Pan African Medical Journal na karɓar Faransanci da Turanci kuma tana cikin PubMed, akwai Health Sciences and Disease ta fakulten likitanci na Yawunde. Ka duba kuɗin bugawa kafin ka tura, in yafi ƙarfinka ka rubuta ka nemi rangwame, ba abin kunya bane. Masu turo imel suna yabonka suna cewa za su buga cikin kwana 3 kuwa kuɗinka suke so, ka nemi sunansu a DOAJ, jerin mujallun kyauta da aka tantance, tukuna. Mujalla ɗaya ake tura wa a lokaci ɗaya.

In gyara ya dawo kar ka amsa a ranar, ka kwana tukuna, sannan ka bi maganganun ɗaya bayan ɗaya kana nuna layin da ka canza, inda baka yarda ba ka kawo hujja cikin ladabi. Kusan kullum za su tambaya yaya majinyacin yake bayan wata 3 ko 6, a nan ne zaka ɗauko lambobin nan biyu ka kira.