Kafin ka sayi na'urar wasa wuƙa

Idan yanzu ka fara riƙe 'yar wuƙar aljihu, kada ka kashe kuɗi a na'ura. Sayi dutsen wasa mai fuska biyu, ɗaya mai kaushi, ɗaya mai laushi.

Jiƙa shi da ruwa. Kwantar da wuƙar, ka ɗaga bayanta kaɗan kawai, kamar za ka yanko siririn yanki daga dutsen. Gefen kaushi ke cin ƙarfen ya fito da baki, na laushi ya gyara kaifin.

Ba dutse a kusa? Kifa kofin tangaran, ka goga a zoben gindinsa inda ba ƙyalli. Ni da shi nake rage zafi.

Amma in bakin ya yi giɓi, kofi ba zai iya ba. Kai wa maƙeri.