Neman sauƙin kuɗin makaranta a Damagaram

Da farko ku zauna ku lissafa abin da aljihunku zai iya ɗauka a shekara, har da littattafai da kuɗin kabu-kabu. Sannan ku zaɓi makarantun kuɗi uku, ɗaya a ciki ta zama wadda za ku iya biya ko ba a rage muku dala ba. Fiye da uku, a ganina, wahala ce kawai, tunda kowace na iya neman kuɗin rajista.

Ku haɗa takardar haihuwa da takardun makin yaro, ku je wurin darakta tun kafin Oktoba. Ku tambaye shi kai tsaye, ba kunya: ana rage wa marayu ko 'yan gida ɗaya? Ana biya kashi-kashi? Abin da ya amince, a rubuta a buga hatimi.