Saukar zazzaɓi ba warkewa ba ce

'Yan uwa, ku lura da wannan. Ƙwayar cutar tarin fuka ɓuya take yi a cikin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu ne su haɗiye ta su kashe. A cikin waɗannan ƙwayoyin jinin akwai wasu sinadarai masu gadi da ke gane ɓurɓushin baƙuwar, sai su saki sinadarin IL-1β, wanda ke tayar da kumburi da zazzaɓi. Farasitamol zafin jikin kawai yake saukarwa, cutar na nan daram.

Don Allah, tari in ya wuce mako 2, a je gwajin kaki, kyauta ne a cibiyoyin DOTS, wato wuraren gwaji da maganin tarin fuka. Wanda kuma ya fara magani, ya cika wata 6 cif, ko da ya ji garau.