Yadda Ake Koya Wa Yaro Zama a Kan Fo

Iyaye mata sun yi ta tambayata, to ga matakan:

1. Ki jira ya shirya: kunzugunsa na yin awa 2 a bushe, yana kuma laɓewa in zai yi kashi.
2. Ki ajiye fo inda zai riƙa gani.
3. Ki sa masa wando mai sauƙin cirewa.
4. Ki zaunar da shi bayan cin abinci, minti 5 ya isa.
5. In ya yi, ki yaba masa.

Hattara: in ya ɓata wando, don Allah kada ki dake shi. Tsoro kan sa yaro ya riƙe kashi har ya taurare, ya fita da zafi, sai ya guji fo ɗin gaba ɗaya.

6. Ki wanke masa hannu da sabulu.
7. Fitsarin kwance kuwa, ki ɗaga masa ƙafa tukuna, shi yakan jima.