Kada ku kashe SSL saboda antibairos

Jama'a, ga wata shawara ga masu karɓar imel ta manhajar Thunderbird a kwamfuta.

Saƙon da ke zuwa ta tashar (port) 993 ta IMAP ko 995 ta POP, wato hanyoyin karɓar imel, a rufe yake da SSL, tsarin da ke ɓoye bayanai, antibairos ba ya iya leƙa cikinsa a hanya. Shi ya sa irin su Avast da ESET ke tsayawa a tsakiya, su kwance saƙon, su duba, su sake rufe shi da takardar shaidarsu ta tsaro (certificate). Thunderbird kuwa yana da rumbun takardun shaidarsa daban, idan bai san tasu ba sai ya fara gargaɗi, saƙo ya ƙi shigowa.

Nan ne wasu ke kashe SSL su koma tashar 143 ta IMAP ko 110 ta POP. Don Allah a daina, kalmar sirrinku ce za ta riƙa yawo tsirara, musamman a wayfai na otal ko ofis.

Ni dai na fi son a kashe binciken imel ɗin a cikin antibairos, a bar sashensa mai gadin fayil yana aiki. Duk abin da aka maƙala wa saƙo, da zarar an ajiye shi ko an buɗe, mai gadin zai bincike shi. Wanda kuma ya nace sai an bar binciken imel ɗin, sai ya shigar da takardar shaidar antibairos ɗin cikin Thunderbird.