Yadda Ake Zaɓen Kayan da Za Su Dace da Juna Kafin a Haɗa Kwamfutar Tebur ta Farko

Wani matashi ɗan unguwarmu a nan Katsina, mai koyon zanen gine-gine, ya shigo wurina ranar wata Asabar da kwalaye a hannu, ya ce: "Yaya, kayan nan sun iso, saura haɗawa." Da muka baje su a kan tebur sai na ga firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, samfurin Ryzen 5 5600, da babban allon da ake jona duk kayan a kansa mai lamba B550, waɗanda suka dace da juna sarai. Amma RAM ɗin da ya sayo, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, nau'in DDR5 ne, alhali allon DDR4 kaɗai yake karɓa, kuma firosesar ba ta fitar da hoto da kanta, shi kuwa bai tanadi katin hoto ba, wato na'urar da za ta yi wannan aikin. Kowanne daga cikin kayan nan sabo ne fil, babu na banza a ciki, sai dai ba za su taɓa zama kwamfuta ɗaya ba. Mai shagon da ya sayar masa a Kano ya ce abin da aka ɓare ledarsa ba ya dawowa, sai da aka yi mako uku ana kai-komo kafin ya samu wanda zai yi musaya da shi, da faɗuwa.

Shi ya sa nake ba duk mai wannan niyya shawarar ya fara haɗa kwamfutarsa a kan takarda kafin ya fitar da ko kwabo. Wanda yake zaune a Katsina ko Daura yawanci daga Kano ko kasuwar Computer Village ta Ikeja zai yi odar kayansa, a sa su a mota, kuma mayar da abin da bai dace ba wahala ce da asarar kuɗin mota. A saman takardar, abin da za a fara rubutawa shi ne aikin da kwamfutar za ta yi. Mai shagon buga takardu da cike fom ɗin JAMB ba ya bukatar abin da mai tace bidiyon biki ko mai aiki da manhajar zane ta AutoCAD yake bukata, kuma wannan amsar ce za ta nuna inda ya kamata kuɗin su fi yawa.

Bayan haka sai firosesa da babban allo, kuma tare ake zaɓensu. Galibin mutanenmu suna kiran dukan akwatin kwamfuta da "sifiyu", amma a haƙiƙa firosesa ƴar ƙaramar aba ce mai kusurwa huɗu wadda ba ta cika tafin hannu ba, tana zama a wani gurbi a tsakiyar babban allon da masu gyara ke kira madabod. Wannan gurbi shi ake kira soket, kuma kowane soket da irin firosesar da yake ɗauka. Kamfanoni biyu ne ke riƙe da wannan kasuwa, AMD da Intel, kuma firosesar ɗaya ba ta shiga allon ɗayan ko kusa. A ɓangaren AMD, soket ɗin AM4 yana ɗaukar Ryzen daga jerin 1000 zuwa 5000, shi kuwa AM5, wanda ya fito a 2022, yana ɗaukar jerin 7000 da 8000 da 9000. A ɓangaren Intel, LGA1200 na zubi na 10 da na 11 ne, LGA1700 na zubi na 12 da 13 da 14, sannan LGA1851 na Core Ultra da suka fito a 2024. Lambobin farko na sunan firosesar Intel su ke nuna zubinta, don haka Core i5-12400 ta zubi na 12 ce. Kada mai saye ya gamsu da a ce masa "Core i7 ce", domin akwai i7 da ta haura shekara goma, wadda i3 ta yanzu ta fi ta gudu. Tsufan firosesa yana da wata illa kuma: Windows 11 ba ta karɓar Intel da ke ƙasa da zubi na 8 ko Ryzen da ke ƙasa da jerin 2000 a hukumance, ita kuwa Windows 10 kamfanin Microsoft ya daina ba ta kulawar da aka saba tun 14 ga Oktoba, 2025.

Dacewar soket ba ta isa a saki jiki ba, kuma a nan ne ma waɗanda suka ɗan iya suke tuntuɓe. A cikin kowane allo akwai ƙaramar manhaja mai suna BIOS, wadda ita ce ke gane firosesa idan an kunna wuta. Allon da aka ƙera kafin fitowar wata firosesa ba zai san ta ba sai an sabunta masa wannan manhaja. Allon B450 da ya daɗe a shago zai iya ƙin tashi da Ryzen 5000, haka B660 zai iya ƙin tashi da Intel zubi na 13 ko 14, fanka tana juyawa amma allon kallo baƙi ƙirin. Kowane kamfanin allo, irin su Asus da MSI da Gigabyte da ASRock, yana wallafa jerin firosesocin da kowane samfuri yake ɗauka tare da lambar BIOS ɗin da ake bukata, don haka a nemi cikakkiyar lambar allon a duba. Wasu alluna suna da maɓalli a baya wanda ke ba da damar sabunta BIOS da filashi ba tare da firosesa ba. Idan allon ba shi da wannan maɓalli, to a sa mai shagon ya sabunta shi kafin ya ɗora a mota. A ganina, ga mai haɗin farko, ya fi kwanciyar hankali ya ɗauki B550 idan Ryzen 5000 zai saya, ko B760 idan Intel zubi na 13 ne, domin rage yiwuwar wannan rigima tun farko.

Sai batun hoto, wanda shi ne kuskure na biyu na ƙanen nan namu. Ramukan HDMI da ke bayan babban allo, inda ake jona allon kallo, ba sa aiki sai idan firosesar tana da sashen hoto a cikinta. Duk firosesar Intel da sunanta ya ƙare da harafin F, kamar i5-12400F, ba ta da shi. A jerin Ryzen 5000 kuwa, masu harafin G a ƙarshe, kamar 5600G, su ne ke da shi. Wanda aikinsa rubutu ne da lissafi da intanet, firosesa mai hoto a ciki ta wadatar da shi, ya huta da sayen katin hoto, wanda sau da yawa shi ne mafi tsada a cikin kayan, kuma shi ya fi shan wuta.

RAM ba shi da wuyar sha'ani idan an kiyaye abu biyu. Na farko, allon AM4 DDR4 yake ɗauka, AM5 da LGA1851 kuma DDR5, amma allunan LGA1700 sun kasu biyu, wasu na DDR4 wasu na DDR5, don haka sai an karanta jikin kwalin. Idan ka riƙe sandar RAM ka dubi gefen da ke da haƙoran zinariya, za ka ga wata ƴar tsaga kusa da tsakiya, kuma wurin wannan tsagar ya bambanta tsakanin DDR4 da DDR5, da gangan aka yi haka don kada ɗaya ya shiga gurbin ɗaya. Wanda ya danna da ƙarfi gurbin zai karya. RAM ɗin kwamfutar tafi-da-gidanka kuma gajere ne, ba ya shiga allon tebur. Na biyu, sanduna biyu masu giga 8 iri ɗaya sun fi sanda guda mai giga 16 gudu, musamman ga firosesa mai hoto a ciki, kuma idan allon yana da gurabe huɗu, yawanci a na biyu da na huɗu daga gefen firosesa ake sa su. Giga 16 ya isa yawancin ayyuka, mai tace bidiyo kuwa ya nemi 32.

Wajen ajiyar bayanai, a sa Windows a kan SSD, wato ma'ajiya mai sauri wadda ba ta da faifai a ciki, a bar tsohon faifai mai juyawa ga tara hotuna da bidiyo. SSD na zamani mai suna M.2 siriri ne, girman 2280 shi ne aka fi samu, wato faɗin milimita 22 da tsawon 80. Akwai na NVMe akwai na SATA, suna kama da juna a ido, kuma ba kowane gurbi ne ke karɓar duka biyun ba, littafin allon zai fayyace.

Yanzu kuma na zo kan abin da ya fi damuna, wato na'urar rarraba wuta da masu gyara ke kira fawa-fak. Ita ce ake bari ƙarshe idan kuɗi sun kusa ƙarewa, sai a ɗauki marar suna mai sauƙin nauyi da aka rubuta wa wat 600 a jiki, alhali ita ce ke tsaye tsakanin wutar layi da duk kayan da aka kashe wa dukiya. Kowa ya san yadda wutarmu take zuwa, wani lokaci ta yi ƙasa har fanka ta kasa juyawa, wani lokaci ta dawo da ƙarfi bayan ɗaukewa, ga kuma sauyi daga layi zuwa janareto. Fawa-fak marar inganci idan ta ƙone ba ta cika tafiya ita kaɗai ba, takan ja allo ko SSD su tafi tare. A nan ne maganar Hausawa ta sayen nagari mai da kuɗi gida take da muhalli. A nemi ta kamfanin da aka sani, irin su Seasonic ko Corsair, mai tambarin 80 Plus, wanda ke nuna ba ta ɓarnar wuta da yawa, ko da yake tambarin shi kaɗai ba shaidar inganci ba ne. Kwamfutar da ba ta da katin hoto wat 450 ya ishe ta har da rara. Mai katin hoto kuwa sai a bi abin da kamfanin katin ya faɗa. Misali RTX 3060 yana jan wat 170, kuma Nvidia ta ce a haɗa shi da fawa-fak mai wat 550. A kuma ƙirga wayoyinta: babba mai baki 24 na allo, mai baki 8 na firosesa, sannan mai baki 6 ko 8 na katin hoto. Na firosesa da na katin hoto suna kama da juna amma ba ɗaya ba ne, kuma an rubuta sunan kowanne a jikinsa. Idan tsohuwar fawa-fak ce mai jan maɓalli a baya, a tabbata yana kan 230, domin wutar Najeriya ke nan. Idan yana kan 115 aka jona, nan take za ta ƙone.

A cikin lissafin kuɗin a saka UPS tun farko, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, kada a ce sai daga baya. A lura cewa lambar VA da ke jikinsa ba wat ba ce, mai VA 650 abin da yake iya ɗauka yawanci bai kai wat 400 ba. Wanda zai yi aiki da sola ko inbata kuma, wannan wani dalili ne na zaɓen firosesa mai wat 65 da barin katin hoto idan aikin bai tilasta ba, domin batir ya daɗe.

Akwati da abin sanyayawa magana ce ta awo. Alluna girma uku ne: ATX mai milimita 305 da 244, Micro-ATX mai 244 kowane gefe, da Mini-ITX mai 170 kowane gefe. Babban akwati yana ɗaukar ƙaramin allo, ƙarami kuwa ba ya ɗaukar babba. Kamfanin akwati yana faɗin iyakar tsawon katin hoto da tsayin fankar firosesa da za su shiga, sai a gwada waɗannan lambobi da na kayan da aka rubuta. A guji tsofaffin akwatunan HP da Dell na ofis da ake samu da araha, domin da yawansu allonsu da wayoyin wutarsu na musamman ne, kayan kasuwa ba sa zama a ciki. Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. A watan Afrilu da Mayu zafin Katsina yakan wuce digiri 40, don haka akwati mai raga a gaba ya fi mai rufaffen gilashi, komai kyan fitilunsa. Da hunturu kuwa, duk wanda ya taɓa buɗe kwamfutar da ta yi wata biyu a shago a bakin titi ya ga yadda jar ƙura take toshe tsakanin ƙarafan fanka har ta yi kauri kamar auduga, saboda haka ragar tace ƙura da ake iya cirewa a wanke ba ado ba ce. Firosesar da ta zo a kwalinta sau da yawa tana tare da fankarta, amma masu harafin K na Intel da waɗanda ake sayarwa tsirara ba su da ita, kuma fankar da za a saya dole ta zo da maƙalin soket ɗin da aka zaɓa.

Da yawanmu kayan hannu za mu saya, kuma babu aibi a ciki idan an duba. Firosesa da RAM ba su cika lalacewa ba, fawa-fak da SSD kuwa gara sababbi. Idan allon Intel ne ko AM5, a ɗaga murfin soket a haska fitilar waya a karkace: ɗaruruwan siraran allurai za su bayyana a jere suna ƙyalli iri ɗaya, kuma duk inda ƙyallin ya saɓa, to allura ta lanƙwashe, a ajiye allon. A AM4 alluran suna jikin firosesar ne, sai a juya ta a duba haka nan.

Idan takardar ta cika, a tura wa mai shagon cikakkun lambobin, a nemi ya aiko da hoton kowane kwali inda lambar take a fili. Idan firosesa da allo da RAM daga shago ɗaya ne, a roƙe shi ya haɗa ukun a kan teburinsa, ya kunna, ya ɗauki hoton shafin BIOS da ke nuna sunan firosesar da adadin RAM, sannan a tura kuɗi.